Bitar itch.io a matsayin wurin shirya gajeriyar gasar haɗa wasannin kwamfuta

Duk ƙungiyar masu sha'awar rubuta manhaja da ta ɗan kwana biyu a intanet, wata rana sai wani ya kawo shawarar a yi gasa: a ba da jigo, a ɗibi 'yan kwanaki, kowa ya haɗa ɗan wasan kwamfuta, a buga na juna, a ba da maki. Turawa na ce wa irin wannan gasa game jam. Shawarar na da daɗin faɗa, amma wanda aka ɗora wa nauyin shiri shi zai fara karo da tambayoyi uku. Ina za a tara wasannin? Wa zai rufe ƙofa idan lokaci ya cika? Wa zai ƙirga ƙuri'a ba tare da an ce ya yi son kai ba? Waɗannan ayyuka uku su ne dandalin itch.io yake ɗauke wa mai shiri, kuma ba ya karɓar ko sisi a kansu. Yana yin su da kyau. Sai dai an gina lissafin makinsa ne da tunanin gasa mai ɗaruruwan wasanni, kuma ƙungiyar da ba ta wuce mutum goma sha biyar ba za ta iya shan mamaki ranar sakamako idan mai shiri bai san yadda abin yake aiki ba.

Leaf Corcoran ne ya buɗe itch.io a shekarar 2013, a matsayin kasuwar da mai haɗa wasa shi kaɗai a ɗakinsa zai ɗora aikinsa ya sayar ko ya bayar kyauta. Sashen gasa ya biyo baya, yanzu kuma shi ne matattarar yawancin irin waɗannan gasanni. A nan ake yin gasar GMTK ta Mark Brown, mai tashar YouTube kan tsara wasanni, wadda aka fara a 2017, wadda a 2024 ta tara wasanni sama da 7,000 cikin awa 96. A nan GitHub ke yin Game Off duk watan Nuwamba, a nan kuma masu 7DRL ke tara wasanninsu na kwana bakwai. Tsofaffin gasanni irin su Ludum Dare, da ta faro a 2002, da js13kGames, da ta faro a 2012, suna da nasu shafukan, amma ba za ka je can ka buɗe taka gasar ba. A itch.io kuwa duk mai asusu zai iya buɗe gasa a yau, ko da mutum biyar ne za su shiga.

Buɗe shafin gasar ba ya cin minti talatin idan rubutun ƙa'idoji na hannu. Za ka ba ta suna, ka zaɓi gajeren adireshi da zai biyo bayan itch.io/jam/, ka rubuta bayani, ka sa hoto da launuka. Akwatin bayanin yana karɓar kowane harshe, don haka ba abin da zai hana a rubuta ƙa'idojin da Hausa tsantsa, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu, ko da yake maɓallan dandalin da Turanci za a gan su. Sannan sai lokuta uku: lokacin farawa, lokacin rufe karɓar wasanni, da lokacin rufe ƙuri'a idan gasar ta maki ce. Za ka iya barin shafin a ɓoye har ka gama gyara, za ka iya barinsa ga masu adireshi kawai, ko ka sake shi ya hau kalandar gasanni ta dandalin. Kalandar nan cike take, gasanni da dama ke gudana a lokaci guda, saboda haka kada a sa ran ita za ta kawo jama'a. Abin da ta fi kawowa ƙaramar gasa shi ne baƙin da ke yawo suna cusa tsohon wasansu a duk gasar da suka tarar a buɗe don neman 'yan kallo. Ƙungiyar da ta san 'ya'yanta gara ta bar shafin ga masu adireshi.

Agogon dandalin na cikin abubuwan da suka cancanci yabo. Yana nuna wa kowa lokaci daidai da agogon inda yake, da ƙirgen sa'o'in da suka rage a saman shafi. Matsalar lokaci daga mai shiri take fitowa, idan ya sake rubuta "ƙarfe tara na dare" a cikin bayani ko a saƙon WhatsApp bai ce na ina ba. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, amma Ghana na bayansu da awa ɗaya, Sudan na gabansu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, masu zama a Ingila da Amurka kuma agogonsu na sauyawa sau biyu a shekara. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ce wa kowa agogon da ke kan shafin gasa shi ne alƙali. Kuma kada a sa rufewa ƙarfe 12 na dare, don rabin mutane za su ruɗe ko daren Asabar ake nufi ko na Lahadi, mai shirin ma barci yake ji a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. La'asar ɗin Lahadi ta fi.

Tsawon gasa kuwa dandalin bai sa baki ba, ya bar maka. Awa 48 ita ce ta shahara saboda Ludum Dare da Global Game Jam, amma wannan tsari ya fi dacewa da wanda ke da tabbacin wuta da intanet na kwana biyu cur kuma ba a aike shi ko'ina ba. Ga ƙungiyar ɗalibai da ma'aikata, wadda a cikinta akwai mai jiran a kawo wuta ya yi cajin kwamfuta, kwana tara ya fi: daga yammacin Juma'a zuwa Lahadin mako mai zuwa, ƙarshen mako biyu ke nan a ciki. Wanda ya rasa na farko yana da na biyu. Idan aka zarce mako biyu kuma sai zafin abin ya huce, mutane su ce da sauran lokaci, har ranar ƙarshe ta riske su ba su fara ba. A kuma duba kalanda kafin a tsayar da rana, kada ta faɗa makon jarrabawa ko goman ƙarshe na azumi.

Inda ya kamata mai shiri ya zauna ya yi tunani sosai shi ne sashen ƙuri'a. Dandalin zai tambaye ka wa ke da ikon ba da maki: waɗanda suka shigar da wasa kaɗai, ko su da abokan aikinsu, ko alƙalan da ka naɗa, ko kowa da kowa. Zaɓi na ƙarshe tarko ne. Duk mai asusu zai iya jefa ƙuri'a, buɗe asusu kuma kyauta ne, don haka wanda ya fi yawan abokai da 'yan uwa a guruf shi zai lashe, ko da wasansa ba ya buɗewa. Barin ƙuri'a ga waɗanda suka shigar da wasa ya fi adalci, domin wanda ya sha wahalar haɗa nasa ya san ƙimar na wani. Idan akwai kyautar kuɗi, to a bar hukuncin ga alƙalai uku ko biyar da ba su shiga gasar ba, makin 'yan gasa kuma ya zama na yabo kawai. Dandalin ya yarda a haɗa biyun, wani rukuni na masu ƙuri'a, wani na zaɓin alƙalai.

Maki tauraro ne, daga 1 zuwa 5, a kan kowane rukuni da ka ƙirƙira. Uku ko huɗu sun isa: daɗin bugawa, bin jigo, zane da sauti, sai ƙila sabon tunani. Idan ka jera takwas, mai ba da maki zai gaji tun a wasa na uku ya riƙa danna tauraro uku a ko'ina. Kuma a guji rukunin da bai shafi kowa ba. Idan ka sa "kiɗa" alhali rabin wasannin ba su da kiɗa, wasu za su ba su 1, wasu su ba su 3 don tausayi, jimillar ta lalace. Idan ba ka ware rukuni ɗaya a matsayin babba ba, dandalin zai haɗa makin rukunan duka ya fitar da matsayi na gaba ɗaya.

Ga abin da ke tayar da ƙura ranar sakamako. A shafin sakamako kowane wasa na da maki iri biyu: ɗanyen maki, wato tsakatsakin taurarin da aka ba shi, da gyararren maki, wanda da shi ake jera matsayi. Dandalin na jera wasannin bisa yawan mutanen da suka ba kowanne maki, ya ɗauki adadin na tsakiyar layi a matsayin ma'auni. Wasan da ya kai wannan adadi ko ya wuce, makinsa na nan yadda yake. Wanda bai kai ba, sai a rage masa gwargwadon giɓinsa. A ce ma'aunin ya tsaya a 16, wani wasa kuma mutum 9 ne kawai suka ba shi maki, ɗanyen makinsa 4.4. Za a ɗauki 9 bisa 16, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da hakan, wato 0.75, a ninka da 4.4. Sakamako 3.3. Wani wasan da mutum 16 suka ba matsakaicin 3.6 zai hau kansa. Hikimar a fili take: kada wasan da abokai biyu suka ba tauraro biyar-biyar ya doke wanda mutum hamsin suka auna. A babbar gasa wannan daidai ne. A ƙarama kuwa, wasan da ya fi kowanne kyau zai iya faɗowa na bakwai don kawai fayil ɗinsa na Windows ne, yawancin 'yan ƙungiya kuma da waya suke shiga. Dandalin bai yi kuskure a lissafi ba, amma ba ya jan kunnen mai shiri a kan wannan tun farko, kuma wannan aibi ne.

Ƙarancin ƙuri'u na da wata illar. Gasa mai wasanni 12, kowa ya ba guda 5 maki, ƙuri'u 60 ke nan, kowane wasa ya tashi da kamar 5. Idan mutum huɗu suka ba ka 4, ɗaya ya ba ka 1 saboda wasan ya ƙi buɗewa a wayarsa, makinka ya sauko 3.4. Da mutum ashirin ne, goma sha tara suka ba da 4, wannan ƙuri'a ɗaya ba za ta kai ka ƙasa da 3.85 ba. Shi ya sa Ludum Dare ke neman wasa ya samu ƙuri'u 20 kafin a sa shi a jerin matsayi. Maganin ƙaramar ƙungiya shi ne a rubuta a ƙa'ida cewa idan wasannin ba su wuce 15 ba, kowa sai ya buga duka, kuma wanda wasa ya ƙi buɗe masa ya rubuta sharhi ya faɗa, kada ya ba da maki. A ba ƙuri'a mako guda zuwa kwana goma. Akwai kuma wani zaɓi da ke tilasta wa mai ba da maki ya fara da wasu wasanni da dandalin ya zaɓo masa kafin a sakar masa sauran. Yana hana kowa ya ruga kan wasanni uku masu kyakkyawan hoto a bar sauran, kuma ya kamata a kunna shi da zarar wasannin sun haura ashirin ko talatin.

Duk wannan na nuna abu ɗaya: ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce wasa ya buɗe a cikin burauza. A nan ne kuma itch.io ya yi wa masu tara wasanni ta Google Drive ko guruf ɗin Telegram nisa. Mai wasa zai zaɓi HTML a matsayin nau'in aikinsa, ya ɗora fayil ɗin zip da ke ɗauke da index.html, ya danna akwatin da ke cewa a burauza za a buga wannan fayil, shi ke nan wasan zai buɗe a cikin shafi, ba saukewa, ba fargabar ƙwayar cuta. Iyakokin da dandalin ya sa su ne fayiloli 1,000 a cikin zip ɗin, megabait 500 gaba ɗaya bayan an warware shi, kuma kada fayil guda ya wuce megabait 200. Wasan kwana tara da wuya ya kusanci nauyin, amma adadin fayiloli na kama wanda ya yanka zanensa hoto ɗaya-ɗaya har ɗaruruwa maimakon ya haɗa su a faranti guda.

Abubuwan da ke lalacewa a wannan mataki sanannu ne, kuma kusan kullum su ne dai. Na farko babban baƙi da ƙaramin baƙi a sunan fayil. Windows ba ta damu ba ko ka rubuta Jarumi.png ko jarumi.png, amma sabar da wasan zai zauna a kai, wato kwamfutar dandalin da ke ajiye shi a intanet, ta damu, sai wasan da ke aiki lafiya a kwamfutar mai shi ya buɗe da baƙin allo. Na biyu adireshin fayil da ya fara da alamar /, wanda ke tura burauza neman hoton a tushen sabar alhali wasan na cikin wani lungu ne. Na uku ɗora RAR ko 7z a maimakon zip. Sunayen fayiloli kuma a bar su da baƙaƙen boko marasa lanƙwasa, ba tazara: a rubuta kofa.png ko da ƙofa ake nufi. Haka rubutun cikin wasa: yawancin ƙananan salon rubutu da ake saukewa kyauta don wasanni ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai a ga akwati ko giɓi a tsakiyar kalma. A gwada jimla ɗaya mai ɗauke da su tun ranar farko, in babu a zana su da hannu, baƙaƙe kaɗan ne. Sauti ma yakan yi shiru, domin burauza ba ta barin kiɗa ya tashi sai mai wasa ya taɓa allo ko maɓalli, don haka a sa allon farko mai cewa "danna ka fara".

Kowane injin haɗa wasa kuma da nasa halin. Godot 4 a fitowarsa ta farko yana bukatar a kunna zaɓin SharedArrayBuffer a shafin wasan, in ba haka ba ya ƙi tashi, daga 4.3 aka samu hanyar fitar da wasa ba tare da wannan ba, kuma ita ta fi zama lafiya a wayoyi. Unity na matse fayilolinsa da Gzip ko Brotli, wani lokaci sandar lodi ta tsaya cak, abin da aka saba yi shi ne a kunna Decompression Fallback ko a kashe matsin. Masu Python da Pygame sai sun bi ta pygbag kafin wasansu ya hau burauza, idan kuma suka naɗe shi ya zama fayil ɗin exe da PyInstaller, manhajojin kariya na yawan ɗaukarsa a matsayin cuta, mai ba da maki ya tsorata ya wuce. PICO-8, mai allo 128 sau 128 da launi 16, da TIC-80, mai 240 sau 136 wanda ake samu kyauta har a Android, su ne suka fi fita salin alin, kuma wasanninsu ba su da nauyi. Nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data: wasanni 20 masu megabait 30 kowanne, megabait 600 ke nan kafin mutum ya gama ba da maki. Mai shiri na da damar sa iyaka a ƙa'ida, a ce kada wasa ya wuce megabait 25, amma shi zai duba da kansa, dandalin ba zai auna masa ba. Idan kuma 'yan ƙungiya da waya za su buga, a faɗa tun farko cewa wasa ya karɓi taɓa allo, a kuma danna akwatin Mobile friendly a shafinsa.

Akwai wani tuntuɓe da tsarin dandalin kansa ke jawowa. Ɗora wasa da shigar da shi gasa matakai biyu ne daban. Mutum zai danna Join jam, wannan rajista ce kawai. Zai buɗe shafin wasansa ya ɗora fayil, wannan ma bai shigar da shi ba. Sai ya koma shafin gasa ya danna Submit your project ya zaɓi wasan. Sababbi da yawa na tsayawa a mataki na biyu su tafi barci da murna. Sabon shafi kuma a matsayin Draft yake farawa, wanda mai shi kaɗai ke gani, sai an mayar da shi Public. Hanyar kauce wa duka biyun ita ce a umarci kowa ya buɗe shafinsa, ya ɗora ko da murabba'i ne mai motsi, ya shigar da shi gasa tun kwana na biyu. Ana iya sauya fayil sau nawa aka ga dama kafin rufewa. Da haka matsalar baƙin allo za ta bayyana ranar Asabar ta farko, ba saura minti goma a rufe ba, lokacin da netwok ke ja da ƙafa. Wanda intanet ɗinsa ke yankewa kuma ya koyi butler, ƙaramar manhajar dandalin da ake sarrafawa da rubutaccen umarni, wadda ke tura abin da ya sauya kawai maimakon ta sake ɗora komai.

Ga wanda ya makara, mai shiri na iya fitar masa da adireshi na musamman da zai shigar da wasansa bayan an rufe. Abu ne mai kyau, amma a rubuta iyakarsa tun kafin a fara, misali awa biyu ga wanda ya nuna wasan ya kammala kuma ɗorawa ce ta gagara. In ba a rubuta ba, duk wanda aka ba za a ce ɗan gida ne. Akwai kuma maɓallin kulle fayiloli a lokacin ƙuri'a, don kada wani ya ci gaba da gyara wasansa mako guda bayan sauran sun ajiye. A kunna shi, amma a san cewa yana kulle har gyaran da ya zama dole, saboda haka wasu masu shiri kan ba da kwana ɗaya na gyaran kurakurai kafin su kulle. Cire wasa ko hana shi shiga jerin matsayi ma yana hannun mai shiri, kuma a ƙasan shafin kowane wasa akwai ranar da aka fara wallafa shi, wadda ke tona asirin tsohon aiki.

Fom ɗin shigar da wasa na karɓar ƙarin tambayoyi da mai shiri ya tsara, kuma mutane ba su cika amfani da wannan ba alhali yana rage rigima. Tambayoyi uku sun wadatar: mutum nawa suka yi aikin, da wane inji, kuma waɗanne zane ko sauti ne ba naku ba. Ta ƙarshen ita ce muhimmiya. Dole ƙa'ida ta fayyace ko an yarda a ɗauko zane da sauti na kyauta irin na shafukan Kenney da OpenGameArt, ko a haɗa ƙarar tsalle da harbi da sfxr, ƙaramar manhajar da Tomas Pettersson ya rubuta a 2007 saboda 'yan Ludum Dare, da kuma matsayin zane ko rubutun manhaja da aka sa ƙirƙirarriyar basira ta yi. Kowace amsa aka zaɓa za ta yi, muddin an rubuta ta kafin a sanar da jigo. Dandalin ba ya bincika ko ɗaya daga cikin waɗannan, amana ce tsakanin 'yan ƙungiya.

Jigon ma aikinka ne. Masu shiri da yawa na tara shawarwari su yi zaɓe ta Google Forms ko a guruf, sannan su rubuta wanda ya ci a shafin gasa daidai lokacin farawa. Jigo mai kyau yana nuna yadda za a buga wasa ne, ba abin da za a zana ba. "Kasuwa" zai ba ka wasanni goma masu rumfa da tumatir. "Abin da ka ɗauka shi zai rage maka gudu" zai ba ka dabaru goma daban-daban.

Ɓangaren hira shi ne mafi rauni. Kowace gasa na da allon tattaunawa, kowane wasa na da wurin sharhi, wurin sharhin kuma na da amfani ƙwarai a lokacin ƙuri'a, don a nan mai wasa ke jin abin da ya gagari mutane. Amma allon tattaunawar a sanyaye yake, ba ya maye gurbin Discord ko Telegram wajen neman abokin aiki ko amsa tambayar gaggawa. Kyauta ma ba ruwan dandalin: ba ya riƙe kuɗin gasa, ba ya rabawa, kai za ka san yadda za ka tura wa wanda ya ci, musamman in yana wata ƙasa. Gaskiya ma ƙaramar gasa ta fi lafiya in ba kuɗi a ciki, ko in kyautar ba ta wuce katin data ba, don da zarar kuɗi ya yi kauri sai a fara auna juna da tauraro ɗaya.

Wanda zai shirya wa 'yan makarantar sakandare ya san cewa itch.io kasuwa ce buɗaɗɗiya, akwai wasannin manya da na ban tsoro a cikinta, ko da yake a 2025 an janye na batsa da yawa daga sakamakon bincike saboda matsin kamfanonin biyan kuɗi. Shafin gasarka ba zai nuna komai ba sai abin da aka shigar, amma yaro na iya zagayawa. Malami ya ɗora wasannin da asusu ɗaya na makaranta ya fi, sai dai a tuna asusu ɗaya ƙuri'a ɗaya ce, don haka a irin wannan hali alƙalai za a naɗa. Sannan kowace ƙungiya ta ajiye kwafin wasanninta a wani wuri. A Disambar 2024 shafin gaba ɗaya ya ɓace na wasu sa'o'i saboda wani ƙorafin zargin damfara ta intanet da aka kai wa kamfanin da ke riƙe da adireshinsa, kuma duk mai wasa na iya goge shafinsa bayan gasa, ya bar gurbi a jerin.

Ƙungiya mai wasanni goma zuwa ɗari, itch.io ya dace da ita, kuma da wuya a samu abin da zai yi wannan aiki kyauta haka. Idan wasannin ba za su kai takwas ba, a yi amfani da shi wajen agogo da tara wasanni, amma a buɗe gasar ba tare da maki ba. A sa rana a haɗu a kiran bidiyo, mutum ɗaya ya raba allonsa, a buga kowane wasa minti biyar mai shi na kallo, ya ga da idonsa inda mutane ke maƙalewa.